Me ya sa fetur ke tashi, ruwa ke zama? Darasin kimiyyar da ke iya ceton rai

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar fetur ta faɗi a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ya malale, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake ganin irin haka a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda sama da mutum 80 suka rasu. Kafin waɗannan, a watan Mayun 2019, an yi makamancin haka a kusa da filin jirgin saman Yamai a Jamhuriyar Nijar, sama da mutum 50 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri.

Duk lokacin da irin wannan musiba ta auku, bayani biyu ake ji. Wasu su ce talauci ne, wasu su ce kwaɗayi ne. Akwai na uku da ba a cika ambata ba, wato rashin sanin halin fetur shi kansa. Kowa ya san fetur yana kama wuta, har ƙaramin yaro. Sai dai mutane da yawa suna ɗauka cewa haɗarin yana cikin ruwan man da ido ke gani, saboda haka matuƙar ba a kai ashana bakinsa ba, an tsira. Wannan tunani shi ne ke kashe mutane. Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururin da fetur ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, kuma yana iya yin tafiya ya je ya tarar da tartsatsi a inda yake.

Dalilin da ya sa fetur ke fitar da wannan tururi cikin gaggawa, alhali ruwa yana kwana a kwano bai ragu sosai ba, yana cikin littafin kimiyyar sinadarai na babbar sakandare. Ɗalibanmu suna haddace shi don jarrabawar WAEC da NECO, su rubuta, su manta. Ra'ayina shi ne wannan darasi ya fi ƙarfin a bar shi a ɗakin jarrabawa. Ya kamata a fito da shi, a faɗe shi da Hausa, a gidan rediyo da tashar mota da madafi, domin yana bayyana halin kusan duk wani abu mai ruwa-ruwa da muke taɓawa a kullum.

Riƙon da ido ba ya gani

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan ba ya zama banza, ba ya tashi banza. Duk abin da ke malala, ruwa ne ko mai ko zuma, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da masana ke kira molekul. Ƙanƙantarsu ta wuce misali, domin a ɗigon ruwa guda akwai adadin da sai an rubuta 1 an jera mata sifiri 21 kafin a kusanto shi. Waɗannan ƙwayoyi ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke, kuma zafi yana ƙara musu gudu. Abin da ke hana su watsewa shi ne wani ɗan jan juna da ke tsakaninsu. Ni zan kira shi riƙon juna.

Rayuwar kowane ruwa kokawa ce tsakanin abu biyu. Zafi yana so ya watsa ƙwayoyin, riƙon juna yana so ya tara su. Idan riƙo ya rinjaya ƙwarai, abin ya daskare. Idan zafi ya rinjaya, abin ya zama tururi. Idan suka yi kusan kunnen doki, sai a samu abu mai malala. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa idan ruwa ya tafasa, ƙwayar ruwan ba ta fashewa. Tana nan yadda take, ta dai saki hannun maƙwabtanta ne ta tashi.

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Johannes van der Waals ne ya shigar da wannan jan juna cikin lissafi a shekarar 1873, kuma aikin ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1910. A 1930 wani Bajamushe, Fritz London, ya bayyana asalin mafi raunin nau'o'in riƙon. A taƙaice riƙon iri uku ne.

Na farko shi ne mai rauni, kuma kowace ƙwaya tana da shi. Yana samuwa ne saboda ƙananan ɓurɓushin lantarki da ke zagaye cikin ƙwayar, wato elektiron, sukan karkata gefe guda na ɗan ƙiftawar ido, sai maƙwabciya ta ji ɗan ja. Kamar ƙarangiya yake. Ƙwaya ɗaya ba ta riƙe komai, amma idan tufafi ya yi tsawo, ƙarangiyar da za ta kama shi takan yi yawa har ta hana mutum sakat. Haka ƙwaya mai tsawo ta fi gajeriya wuraren mannewa.

Na biyu yana samuwa ne a ƙwayoyin da lantarkinsu ya karkata gefe guda dindindin, suka zama kamar ƙananan maganaɗisu masu kai da gindi, kan wannan yana jan gindin waccan. Sinadarin da mata ke goge jan farce da shi, wato asiton, irin wannan riƙo gare shi, kuma yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin salshiyos.

Na uku shi ne mafi ƙarfi a cikinsu, ana kiran sa riƙon haidurojin. Ƙwayar ruwa tana ɗauke da oksijin ɗaya da haidurojin biyu, kuma yadda aka tsara ta ya ba ta damar kama maƙwabta har huɗu a lokaci guda. Idan aka kwatanta da mutane, ƙwayoyin ruwa kamar 'yan uwa ne da suka riƙe hannun juna a cikin cunkoso, suna saki suna sake kamawa. Ƙwayoyin fetur kuwa kamar baƙi ne a kasuwa, kafaɗa ce kawai ke gogar kafaɗa, kowa na iya ficewa a duk lokacin da ya ga dama.

Ga hujjar da ke nuna girman wannan bambanci. Iskar misen, wadda ita ce mafi yawa a iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, nauyin ƙwayarta 16 ne a ma'aunin masana, na ruwa kuma 18, kusan ɗaya ke nan. Amma misen tana tafasa ne a wajen digiri 161 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa sai ya kai digiri 100. Tazarar sama da digiri 260 tsakanin abubuwa biyu masu kusan nauyi ɗaya, riƙon haidurojin ne ya kawo ta. Ba don shi ba, da babu kogin Kwara, babu tafkin Chadi, babu ruwan rijiya.

Daga iskar girki zuwa kwalta

Ɗanyen mai cakuɗe ne na ƙwayoyi masu kama da sarƙa, waɗanda aka ƙulla da sinadarin kabon, wata gajeriya wata doguwa. Dukansu riƙon nan mai rauni gare su, saboda haka tsawon sarƙa ne ke yanke hukunci. Aikin matatar mai shi ne ta ware su bisa zafin da kowace ke tafasa.

Iskar gas ta girki sarƙarta kabon 3 ne ko 4. Riƙonta ya yi rauni har ba ta iya zama ruwa a yanayinmu sai an matse ta a tukunyar ƙarfe, shi ya sa idan ka girgiza tukunyar za ka ji motsin ruwa, amma idan ka buɗe sai iska ta fito. Fetur galibi kabon 5 zuwa 12 ne, ya samu ya zama ruwa amma da ƙyar, kullum ƙwayoyinsa suna sulalewa sama. Kananzir ya fi shi tsawo, wajen 10 zuwa 16. Man dizal ya ɗara kananzir. Baƙin mai da ake zuba wa inji ya fi su duka tsawon sarƙa, shi ya sa yake da kauri da santsi. A can ƙarshe akwai kwalta, wadda sai an dafa ta take malala.

Masu aikin kashe gobara suna da wani ma'auni mai muhimmanci, wato mafi ƙarancin zafin da mai zai kai kafin ya fitar da tururin da tartsatsi zai iya kunnawa. Na dizal yakan fara daga wajen digiri 52. Na kananzir daga wajen digiri 38. Na fetur kuwa yana can wajen digiri 40 ƙasa da sifiri. Ma'anar wannan ita ce babu wata rana ko wani dare a ƙasar Hausa, ko a tsakiyar hunturu, da fetur ba ya fitar da tururin da ya isa kamawa da wuta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, abin ya fi muni, domin kwaltar da man ya zuba a kanta ta fi iskar gari zafi.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi gangara, ya shiga kwata da rami da ƙarƙashin mota. Kuma ba ya buƙatar yawa. Idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, zuwa kusan kashi bakwai da rabi, tartsatsi ɗaya ya isa. A ƙiyasi, lita biyu kacal idan suka ƙafe za su iya cika ɗaki mai mita uku ta kowace fuska da irin wannan iska. Tankar da ke bin hanyoyinmu kuwa tana ɗaukar lita 33,000 ko 45,000, wasu ma fiye.

Don haka mutumin da ya tsaya nesa kaɗan yana kallo, yana ganin bai taɓa mai ba, mai yiwuwa tururi ya riga ya kai masa gwiwa. Tartsatsin ba sai na ashana ba. Ɗan acaɓa da ya tayar da babur, janareta da aka kunna, taba a bakin wani, bokitin ƙarfe da ya gogi titi, kowanne na iya zama sanadi. Da zarar wuta ta kama gefe guda, sai ta bi tururin a guje har zuwa tankar, ta haɗa da duk wanda ke tsakani.

Wannan ilimi ne kuma ke bayyana fashewar risho da fitila da aka sha samu a gidaje sakamakon gurɓataccen kananzir. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururi mai yawa a zafin ɗaki, shi ya sa ake buƙatar lagwani ya jawo shi a hankali. Idan marar imani ya surka shi da fetur, ko aka zuba shi a jarkar da ke da sauran fetur, ƙwayoyin nan gajeru su ne za su fara tashi su cika cikin tankin risho. Uwargida ta kawo ashana, abin ya tashi da ita. Haka kuma mai ajiye jarkokin fetur a ɗakin kwana ko a shagon da ake kunna janareta, kamar yadda wasu 'yan bumburutu ke yi, yana kwana ne da tururin da bai gani ba.

Me ya sa ruwa ba ya kashe gobarar mai?

Kowa ya san ruwa da mai ba sa haɗuwa, amma kaɗan ne suka san dalili. Ƙwayoyin ruwa sun fi son riƙon junansu, kuma ƙwayar mai ba ta da abin da za ta ba su a madadin wannan riƙo, sai su haɗe kansu su bar ta a waje. Fetur kuma bai kai ruwa nauyi ba, litarsa wajen kashi uku cikin huɗu ce ta nauyin litar ruwa, saboda haka yana hawa sama. Wanda ya watsa bokitin ruwa a kan fetur mai ci ya ba wutar abin hawa ne, za ta bi ruwan ta bazu. Shi ya sa ma'aikatan kashe gobara ke amfani da kumfa ta musamman da ke rufe fuskar man, a ƙaramar wuta kuma yashi ya fi ruwa amfani.

A madafi abin ya fi ban tsoro. Man suya yana iya wuce digiri 200 bai tafasa ba. Idan kaskon mai tuyar ƙosai ya kama wuta aka zuba masa ruwa, ruwan zai nutse ƙasan man, nan take ya zama tururi, kuma tururin ruwa yana cin wuri kusan sau 1,700 fiye da ruwan da ya fito daga gare shi. Wannan kumbura ita ke watsa mai mai ci a fuska da rufin ɗaki. Abin yi shi ne a kashe wutar ƙasa, a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti, a bar shi ya huce.

Sabulu ma a nan hikimarsa take. Ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai son mai. Wutsiya ta kama maiƙo, kai ya kama ruwa, sai a ɗauraye su tare. Iyayenmu da ke haɗa sabulun salo da toka da mai sun ƙware a aikin tun kafin a rubuta bayaninsa.

Darasin yana cikin gida

Wanda zai koyar da wannan ilimi ba ya buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyin Naira. Kayan aikin suna cikin kowane gida.

Ɗauki randa. Saboda ƙwayoyin ruwa sun riƙe juna gam, duk wadda za ta tashi sai ta kwashi zafi mai yawa. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa yana cin zafin da ya ninka na ƙafar da kilo ɗaya na fetur wajen sau shida. Randar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, yana ƙafewa a bayanta yana tafiya da zafin ruwan ciki. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, na jarkar roba kuma yake ɗumi. Gumi ma aikinsa ke nan a jikin mutum. Shi ya sa kuma zafin Legas ke da naci ko da ma'auni bai kai na Kano ba, domin iskar can ta riga ta ƙoshi da danshi, gumi ba ya saurin bushewa.

Wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan ilimi ya mayar da shi abin amfani ga manoma. Ya sanya ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kayan miyan da ke yamushewa cikin 'yan kwanaki sai suka riƙa daɗewa ba tare da wutar lantarki ba. Wannan aiki ya sa kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Ƙafewar da ta raya tumatir a tukunyarsa ita ce ƙafewar da ke mayar da fetur abin tsoro. Doka ɗaya ce, bambancin yana ga wanda ya san ta da wanda bai sani ba.

Ɗauki zuma. Sukarin da ke cikinta yana da wurare da yawa na riƙon haidurojin, ruwan cikinta kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, shi ya sa take jan jiki kafin ta zubo. Ka ɗora kwalbarta a ruwan ɗumi, sai ta saki. Baƙin mai ma haka yake, zafi yana tsinka shi. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50, suna faɗin kaurinsa ne a sanyi da kuma a zafin inji. Direban da ya fahimci haka ba zai yarda a zuba masa kowane irin mai ba don kawai ya fi araha.

Ɗauki manja da man gyaɗa a lokacin hunturu. Manja yakan yi barci a kwalba, man kaɗanya da man shanu su daskare, man gyaɗa kuwa yana nan yana malala. Kusan rabin sarƙoƙin da ke cikin manja miƙaƙƙu ne, suna jeruwa kusa da juna kamar karan dawa a dami, riƙo ya yi ƙarfi. Yawancin na man gyaɗa suna da lanƙwasa, ba sa jeruwa da kyau, riƙo ya yi sako-sako.

Ɗauki ƙanƙara. Idan ruwa ya daskare, riƙon haidurojin yana tilasta wa ƙwayoyin su jeru da tazara a tsakaninsu, sai girmansa ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari. Shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil ke fashewa a firiza, kuma ƙanƙara ke yawo a saman zoɓo maimakon ta nutse.

Ɗauki kududdufin bayan gida. Ƙwayoyin da ke saman ruwa ba su da maƙwabta ta sama, sai su ƙara ƙanƙame na gefe da na ƙasa, fuskar ruwan ta zama kamar an shimfiɗa mata siririyar fata. A jikin wannan fata tsutsar sauro ke rataya tana shaƙar iska. Lokacin haƙa mashigin ruwa na Fanama a farkon ƙarni na 20, likitan sojan Amurka William Gorgas ya sa an riƙa malala mai a kan ruwan da ke kwance domin hallaka tsutsar sauro, kuma hakan na cikin matakan da suka karya zazzaɓi a wurin.

Ko tafasar ruwa tana da labari. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, iskar da ke danne ruwa ta ragu, sai ya tafasa a wajen digiri 96. Wake ya fi jinkirin nuna a can. Tukunyar matsi kuwa tana tsare tururi, ruwa ya wuce digiri 100 kafin ya tafasa, ganda ta yi laushi da wuri, a rage cin gas.

Amma ai talauci ne

Na san abin da wasu za su ce: mutumin da bai ci abincin dare ba, ga fetur na malala kamar a ƙarshen shekarar 2024 lokacin da lita ta kai wajen Naira 1,000, wane darasin kimiyya ne zai tsayar da shi? Maganar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, jarka ɗaya ta zama kuɗin cefanen kwanaki a gidaje da yawa. Haka nan lalacewar hanyoyi da tsofaffin tankoki da direbobin da ke tuƙi ba hutu laifin hukuma ne da masu motocin, kuma babu wanda ya isa ya ɗora wa mamata wannan.

Sai dai a duba abu biyu. Na farko, a irin wannan gobara ba masu kwasa kaɗai ke mutuwa ba. Akwai 'yan kallo, akwai masu wucewa, akwai waɗanda suka zo janye 'ya'yansu ko taimakon direba. Waɗannan ba yunwa ce ta tsayar da su a wurin ba, sun ɗauka ne tazarar da suka bayar ta isa. Na biyu, talaka ma yana lissafi. Mai kwasa yana auna riba da haɗari, kuma a lissafinsa haɗarin ƙarami ne tunda shi bai riƙe wuta ba. Idan ya san cewa rayuwarsa tana hannun duk wani mai babur da ke nesa da shi, lissafin zai canza, ko da ba ga kowa ba. Uwar da ta san haka za ta tare ƙofa. Maganin talauci zai ɗauki shekaru, wannan bayani kuwa minti biyar ya ishe shi.

Gargaɗin da ake yi yanzu umarni ne tsagwaronsa: kada ku kwashi mai. Mutum kuwa ya fi riƙe umarnin da aka gaya masa dalilinsa. Wanda aka ce wa kada ya sha ruwan wani tafki zai iya sha idan ƙishi ya matsa, amma wanda aka nuna wa abin da ke ciki zai haƙura ya ƙarasa gida.

Abin da ya kamata a yi

Malaman kimiyya su fara da gwaji kafin ma'ana. A ɗiga ruwa da sifirit na asibiti da man gyaɗa a kan faranti, ɗalibai su duba wanne zai riga bushewa. A ƙirga ɗigon ruwa nawa murfin kwalba zai ɗauka bayan ya cika kafin ya zube, a sake gwadawa da ruwan sabulu. Daga nan sai a tambaye su dalili. Kuma babu aibu malami ya yi bayanin da Hausa kafin ya kawo sunayen Turanci da jarrabawa ke buƙata. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga shekarar 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci, ya nuna cewa yaro ya fi kama ilimi da harshen da yake tunani da shi.

Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa da Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumomin kashe gobara su sauya salon sanarwarsu. Jimloli uku sun isa a riƙa maimaitawa a rediyo: tururin fetur ne ke kamawa, yana kwanciya a ƙasa yana tafiya, in ka ji warinsa to kana cikinsa. A ƙara da cewa a gudu ta inda iska ke fitowa, a nufi tudu, kada a tayar da inji. Limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha a garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi su ne suka fi dacewa su isar da wannan saƙo, domin su ake ji.

Jami'an tsaron da ke fara isa wurin haɗari su ma a koya musu tazara da lamba. Kundin agajin gaggawa da Amurka da Kanada da Meziko ke amfani da shi ya ba da shawarar a janye mutane aƙalla mita 300 ta inda iska ke nufa idan mai ya zube da yawa, idan kuma tanka ta kama wuta a killace mita 800 ta kowace fuska. Jami'in da ya san wannan ba zai tsaya gab da tanka yana kora da sanda ba.

Hukumar da ke kula da sufuri da rarraba man fetur ta haramta lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris ɗin 2025. Mataki ne mai kyau, amma tanka mai lita 33,000 ma ta isa ta tashi unguwa. Matuƙar ta kan titi za a ci gaba da jigilar mai daga Kudu zuwa Arewa, tankoki za su ci gaba da faɗuwa jefi-jefi, kuma mutanen ƙauyen da ke kusa su ne za su riga kowace hukuma isa wurin. Abin da suka sani a wannan mintunan farko shi ne zai raba gardama.

Iyaye ma suna da nasu rabon. A daren yau, bayan an ci tuwo, a tambayi yara me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, me ya sa kuma ake jin warin fetur tun daga nesa amma ba a jin na ruwa. Yaron da ya iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ya san abin da zai yi ranar da ya ji ana ihun tanka ta faɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.